Buɗe Wa Jini Hanyar Ratse a Cikin Hanta: Bayani Kan Aikin Sassauci Ga Masu Sankarar Hanta

Gabatarwa

A asibitocinmu na karkara akan kawo majinyaci, sau da yawa magidanci ne da ke kan ƙarfinsa, cikinsa ya kumbura, jikinsa ya rame, idanunsa sun nuna shawara. Wani kuma cikin dare ake ɗauko shi bayan ya yi aman jini mai yawa. Idan aka tura shi babban asibiti aka yi gwaje-gwaje, akan ce wa 'yan uwansa sankarar hanta ce, wato ciwon dajin hanta, sa'an nan a ƙara da cewa jini ya taru masa a babbar jijiyar da ke shiga hanta. Daga nan wasu iyalan kan ji labarin wani aiki da ake yi a manyan asibitoci, wanda likitoci ke kira TIPS a taƙaice, har su fara shawarar sayar da gona ko shanu domin a kai majinyacin inda ake yin sa.

Mun tanadi wannan bayani domin mazauna karkara da jami'an ƙananan hukumomi da masu riƙe da sarautun gargajiya, waɗanda su ake fara tunkara da irin wannan matsala. Aikin yana da amfani na haƙiƙa, domin yakan tsayar da zubar jini, yakan kuma rage ruwan da ke taruwa a ciki. Amma ba ya taɓa sankarar ko kaɗan, yana da nasa haɗarin, kuma ba kowane majinyaci ya dace da shi ba. Shi ya sa likitoci ke lissafa shi cikin ayyukan sassauci, wato waɗanda ake yi domin rage wahala da ƙara wa majinyaci kwanaki masu daɗi, ba domin warkar da asalin ciwon ba.

Yadda jini ke ratsa hanta

Hanta tana ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kuma nauyinta a jikin baligi ya kai kimanin kilo ɗaya da rabi. Ta bambanta da sauran kayan ciki ta fuskar samun jini, domin ta hanya biyu yake zo mata. Kimanin kashi ɗaya bisa huɗu yana zuwa ne daga zuciya ta wata jijiya mai bugawa. Sauran kashi uku bisa huɗu kuwa suna fitowa ne daga hanji da tumbi da saifa, su haɗu a wata babbar jijiya guda da ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, wadda za mu kira jijiyar ƙofar hanta a wannan bayani. Duk abin da mutum ya ci ko ya sha, da abinci da magani da guba, ta wannan ƙofa yake shiga hanta. A can ake tace jinin, a adana abin da ke da amfani, a kashe kaifin abin da ke cutarwa, sa'an nan jinin ya fita ta wasu jijiyoyi da ke saman hanta ya koma zuciya.

Manomin rani zai fahimci abin da ke biyo baya ba tare da wahala ba. Idan ƙananan magudanan da ke raba ruwa a fadama suka toshe da laka, ruwan babbar magudana ba ya tsayawa, sai ya taru a baya, ya cika, ya nemi inda zai ɓalle. Haka jinin jijiyar ƙofa yake yi idan hanta ta taurare. Likitoci suna auna bambancin ƙarfin jini tsakanin mashigar hanta da mafitarta da milimita na ma'aunin zaiba. A jikin mai lafiya ba ya wuce 5. Idan ya kai 10, matsaloli na iya somawa, idan kuwa ya kai 12 ko ya haura, to haɗarin fashewar jijiya ya tabbata.

Ya kamata a lura cewa wannan ba shi ne hawan jinin da aka sani ba. Abin awon da ake ɗaurawa a dantse ba ya nuna shi, kuma mai wannan lalura sau da yawa awon jininsa na hannu daidai yake, ko ma ya yi ƙasa.

Jinin da ya rasa hanya yakan koma cikin wasu ƙananan jijiyoyi da ba a halicce su don ɗaukar irin wannan nauyi ba, musamman waɗanda ke ƙarshen maƙoshi, inda yake haɗuwa da tumbi. Sai su kumbura, fatarsu ta yi siriri. Ran da ɗaya ta fashe, majinyaci ya yi aman jini, ko ya yi bayan gida baƙi ƙirin mai kama da kwalta. Ko a ƙasashen da ke da wadatar kayan aiki, kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na waɗanda wannan ya sama sukan rasu cikin mako shida. Matsala ta biyu ita ce ruwa da ke tsattsafowa ya taru a cikin ciki, wani lokaci har lita goma ko fiye, ya hana cin abinci, ya hana kwanciya, ya takura numfashi. Saifa ma takan kumbura.

Dalilin da ya sa abin ya fi tsanani ga mai sankara

Mafi yawan masu sankarar hanta ciwo biyu suke ɗauke da shi. Kafin sankarar ta ɓullo, hantar ta riga ta yi shekaru tana ƙandarewa, tabo a kan tabo, kuma wannan ƙandarewa ita ce ta fara toshe wa jini hanya. Sankarar kuma sai ta ƙara nata. Tana da ɗabi'ar kutsawa cikin jijiyar ƙofa ta yi girma a ciki har ta cika ta. Wani lokaci kuma takan haɗe jijiya mai bugawa da jijiyar ƙofa, sai jini mai ƙarfi ya riƙa kwarara cikin wadda ba ta saba da ƙarfi ba.

A yankinmu babban tushen wannan duka shi ne ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa da aka gudanar a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar cutar, nau'in C kuma kashi 1.1. Yawanci tun ana ƙanana ake kamuwa, daga uwa lokacin haihuwa, ko ta aska da reza da allurar da aka yi wa wani amfani da su, kuma cutar kan zauna shiru shekara 20 ko 30. Sai kuma gubar aflatoksin da fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba kafin a zuba su a rumbu. Idan ƙwayar cutar da wannan guba suka haɗu a jiki guda, haɗarin sankara yakan ninka. Shan barasa ma yana ƙandarar da hanta.

Ƙididdigar duniya ta shekarar 2022 ta nuna sababbin masu sankarar hanta kimanin 866,000, waɗanda suka rasu kuma kimanin 759,000. Kusancin waɗannan alƙaluma biyu ya isa ya nuna irin ciwon da muke magana a kansa. Wani nazari da aka wallafa a 2017, wanda ya tattara bayanan majinyata daga ƙasashen Afirka da dama har da Nijeriya da Gana, ya gano cewa in an cire Masar, matsakaicin shekarun masu ciwon 46 ne, kuma rabinsu ba su wuce wata biyu da rabi ba bayan an gano shi. Dalili kuwa shi ne ana zuwa asibiti a makare.

Duk da haka, kada a yanke hukunci a gida. Gyambon ciki yana sa aman jini. Nau'in tsargiya da ke kama hanji, wadda ake ɗauka a tafkuna da magudanan noman rani, ita ma tana toshe jijiyar ƙofa ba tare da wata sankara ba, kuma tana da magani. Ciwon zuciya da na ƙoda da tarin fuka duk suna iya tara ruwa a ciki. Hoton sikanin da gwajin jini su ke rarrabewa.

Abin da ake fara yi kafin a kai ga ratse

Ba a fara wa majinyaci da aikin ratse. Wanda ya zo da aman jini, ana fara yi masa ƙarin jini ne daidai gwargwado, domin cika jini da yawa yana ƙara wa jijiyar nauyi ta sake ɓallewa. Ana ba shi allurar da ke rage kwararar jini zuwa jijiyar ƙofa, kamar oktiriyotayid ko talifiresin, da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sa'an nan a zura masa na'urar leƙa ciki ta baki, a ɗaure kumburarrun jijiyoyin da ƙananan zobban roba, su bushe su faɗi da kansu. Bayan ya farfaɗo akan ɗora shi a kan ƙwayar furofuranolol ko kabedilol domin hana komowar zubar, a kuma riƙa maimaita ɗaurin har jijiyoyin su ƙare.

Mai ruwa a ciki kuwa ana umartarsa da rage gishiri zuwa kimanin giram 5 a yini, wato abin da bai wuce ƙaramin cokalin shayi ba, kuma a cikin wannan lissafi har da dunƙulen miya da kanwa da gishirin da ke cikin kilishi da yajin tsire. Ana ba shi magungunan sa fitsari. Idan ruwan ya yi yawa sai a zuƙe shi da allura a asibiti, in kuma abin da aka zuƙa ya haura lita 5, a ƙara masa sinadarin albumin ta jijiya domin kare ƙoda. Waɗannan matakai sun wadatar ga majinyata da yawa, kuma ana samun su a kusa, da kuɗin da bai kai na ratse ba ko kusa. Sai idan jini ya ƙi tsayawa, ko yana ta komowa duk da ɗauri da magani, ko ruwa ya daina jin magani har sai an riƙa zuƙa bayan kowane mako ɗaya ko biyu, sa'an nan maganar ratse ke tasowa.

Yadda ake yin aikin

Ba a tsaga ciki. Likitan da ke yin sa ƙwararre ne kan aiki ta cikin jijiyoyi, yana kallon abin da yake yi a allon na'urar hoto mai ratsa jiki. Bayan an yi wa majinyaci allurar barci ko ta kashe zafi, sai a huda jijiyar da ke gefen dama na wuya, a zura siririyar roba ta gangara ta cikin manyan jijiyoyin ƙirji, ta wuce ta ɓangaren dama na zuciya, har ta shiga ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke fitar da jini daga hanta. Daga nan sai a tura doguwar allura ta ratsa naman hanta tsawon 'yan santimita, har ta faɗa cikin reshen jijiyar ƙofa. Wannan shi ne wuri mafi wuya a aikin, domin ana neman jijiya ce da ba a gani da ido. Idan an same ta, sai a buɗa hanyar da ɗan balan-balan, a dasa bututun ragar ƙarfe mai faɗin milimita 8 zuwa 10 domin kada ta rufe. Nan take wani kaso na jinin zai riƙa bi ta bututun ya koma zuciya ba tare da ya ratsa tauraren naman hanta ba. Ana sake awo kafin a fito, kuma abin da ake nema shi ne ƙarfin jinin ya sauko ƙasa da 12. Aikin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa uku.

Dabarar karkatar da jinin ƙofa tsohuwa ce. A shekarar 1877 wani likitan Rasha, Nikolai Eck, ya haɗa jijiyar ƙofa da babbar jijiyar da ke komawa zuciya a jikin karnuka. A 1893 Ivan Pavlov da abokan aikinsa suka lura cewa irin waɗannan karnuka idan sun ci nama sukan rikice, su yi tangaɗi, wasu su suma. Tun a lokacin ke nan aka ga aibin da har yau yake biye da aikin. Daga shekarar 1945 likitocin fiɗa a Amurka suka riƙa yi wa mutane ta hanyar buɗe ciki, wanda babban aiki ne da mai raunin hanta ba ya cika jurewa. Josef Rösch ne ya nuna a 1969, a jikin dabbobi, cewa ana iya bi ta jijiyar wuya. A 1982 Ronald Colapinto ya gwada a jikin mutane a birnin Toronto na Kanada da balan-balan kaɗai, amma hanyar takan rufe da wuri. A 1988 aka fara dasa bututun ƙarfe a birnin Freiburg na Jamus. Bututun farko tsirararsa yake, kuma kusan rabinsu sukan tsuke cikin shekara guda. Daga farkon shekarun 2000 aka koma ga wanda aka lulluɓe da wani irin leda na musamman, wanda ya fi daɗewa a buɗe.

Akwai wani ratsen na daban da ya kamata a ambata don kada a rikita su. Shi wannan roba ce da ake binnewa a ƙarƙashin fata, tana ɗebe ruwan ciki tana zuba shi a jijiyar wuya. An fito da shi a 1974. Ba ya rage ƙarfin jinin ƙofa, ba ya hana aman jini, yana yawan toshewa da jawo ƙwayoyin cuta, don haka an rage amfani da shi ƙwarai.

Abin da majinyaci ke biya da jikinsa

Jinin da ya bi ta ratse bai sami tacewa ba. Gubar da hanji ke samarwa, musamman amoniya, sai ta wuce kai tsaye ta isa ƙwaƙwalwa. Kimanin mutum ɗaya cikin uku na waɗanda aka yi wa aikin sukan sami rikicewar hankali, mai sauƙi ko mai tsanani, galibi a watannin farko. Abin yakan fara da sauyin barci, majinyaci ya wuni yana gyangyaɗi ya kwana ido biyu. Sai mantuwa, ya kasa lissafin kuɗi, ya rikice a adadin raka'o'in salla, ya yi fushi ba dalili. Idan aka ce ya miƙa hannuwa ya ɗaga tafukansa, sai a ga suna karkaɗawa. In ba a kula ba yakan kai ga doguwar suma. Muna jaddada wannan ne saboda a ƙauyukanmu irin waɗannan alamu iskokai ake fara zargi da su, ko sammu, alhali abin yana da magani a asibiti, kuma yawanci hankali yakan dawo idan an yi hanzari.

Abu na biyu ya fi wannan haɗari. Hantar da dama ta raunana, yanzu an rage mata jinin da take rayuwa da shi. Idan sauran ƙarfinta kaɗan ne, tana iya gazawa gaba ɗaya cikin kwanaki ko makonni, shawara ta ƙaru, ƙoda ta tsaya. A irin wannan hali aikin da aka yi don sassauci ya zama shi ya gaggauta ajali. Zuciya ma tana karɓar jini mai yawa a lokaci guda, wanda mai raunin zuciya ba zai iya ɗauka ba. Ban da waɗannan akwai haɗarin zubar jini a cikin ciki yayin hudawa, da shigar ƙwayoyin cuta, da toshewar bututun daga baya.

Ga mai sankara akwai ƙarin abin dubawa. Idan ƙullutun yana kan hanyar da allura za ta bi, huda shi na iya jawo zubar jini, ana kuma tsoron kada ƙwayoyin sankarar su bi ta bututun su isa huhu. Rahotannin asibitocin da suka yi wa irin waɗannan majinyata aikin sun nuna hakan bai cika faruwa ba idan an kauce wa ƙullutun, amma tsoron bai gushe ba. Har ila yau, ɗaya daga cikin hanyoyin yaƙar sankarar hanta ita ce toshe jijiya mai bugawa da ke ciyar da ƙullutun. Bayan an yi ratse, hanta takan dogara ga wannan jijiya fiye da da, saboda haka toshe ta ya ƙara zama abin taka-tsantsan.

Wanda ya dace da wanda bai dace ba

Likitoci ba sa yanke shawara da ganin ido. Akwai ma'aunin da ake kira Child-Pugh, wanda aka fara tsarawa a 1964 aka gyara a 1973, mai duba abu biyar: yawan sinadarin shawara a jini, yawan albumin, saurin daskarewar jini, yawan ruwan ciki, da halin hankali. Da shi ake raba majinyata aji uku. Ajin A, maki 5 zuwa 6, hanta na da sauran ƙarfi. Ajin B maki 7 zuwa 9 ne. Ajin C, daga 10 zuwa 15, hanta ta yi nisa da lalacewa. Akwai kuma ma'aunin MELD, wanda asibitin Mayo na Amurka ya fitar a shekarar 2000 musamman domin hasashen wanda zai rayu bayan wannan aiki.

Wanda ake sa ran zai amfana shi ne mai ƙaramin ƙullutu ko wanda ke gefe, nesa da hanyar allura, hantarsa tana ajin A ko B, zuciyarsa lafiya, hankalinsa bai taɓa rikicewa sosai ba, yana iya tashi ya yi 'yan hidimominsa, kuma abin da ke barazana ga ransa a yanzu zubar jini ne ko ruwan ciki, ba sankarar kanta ba. Ga irin wannan, ratse na iya buɗe ƙofar wasu magungunan. Alal misali, haɗin maganin atezolizumab da bebasizumab, wanda aka fara amfani da shi kan sankarar hanta a 2020, yana ƙara haɗarin zubar jini, don haka sai an duba jijiyoyin maƙoshi an magance su kafin a fara shi. A ƙasashen da ake dashen hanta kuma, ratse yakan riƙe majinyaci har layinsa ya zo.

Wanda sankara ta mamaye tsakiyar hantarsa ko ta bazu zuwa wasu sassan jiki, ko shawararsa ta yi tsanani, ko yana da ciwon zuciya, ko ƙwayoyin cuta sun shiga jininsa, ko ya riga ya kwanta ba ya tashi, aikin ba zai ƙare shi da komai ba sai wahala. Bisa ga yadda ake makara wajen zuwa asibiti a yankinmu, mafi yawan majinyatanmu a wannan rukuni suke faɗawa. Idan sankara ta cika jijiyar ƙofa, wasu cibiyoyi, musamman a ƙasar Sin, sukan dasa bututun tare da 'yan ƙwayoyi masu fitar da haske mai ƙona sankara, amma wannan aiki ne na ƙwararrun cibiyoyi ƙalilan.

Ya kamata kuma a san ƙarfin hujjar da ake da ita. Babban gwajin da aka wallafa a 2010, wanda ya nuna cewa yin ratse cikin awa 72 bayan aman jini yana ceton rayukan waɗanda ke cikin babban haɗari, an yi shi ne a Turai kan masu ƙandarewar hanta, kuma ba a sa masu sankarar da ta yi nisa a cikinsa ba. Yawancin abin da aka sani game da masu sankara ya fito ne daga bayanan majinyatan da likitoci suka zaɓa da kansu saboda sun ga za su jure. Don haka idan aka ji an ce wane an yi masa ya sami sauƙi, wannan ba ya nuna cewa namu majinyacin haka zai kasance.

Kafin a sayar da gona

Aikin yana buƙatar ɗakin na'urori na musamman, da ƙwararren likita, da bututun da ake shigowa da shi daga waje da tsada, da sashen kula da masu tsananin ciwo a kusa. Ba a yin sa a cibiyar lafiya ta matakin farko ko a babban asibitin ƙaramar hukuma. Hanyar da ta dace ita ce a bi ta likitan hanta da hanji a asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri. Shi zai auna majinyaci, ya ce ya dace ko bai dace ba, in ya dace kuma ya nuna inda za a je. Muna gargaɗi kan dillalan da ke haɗa tafiya jinya ƙasashen waje, waɗanda ke karɓar kuɗi kafin wani likita ya ga hoton hantar.

Iyali suna da haƙƙin yin tambaya ba tare da jin kunya ba. A tambayi likita ajin da hantar take, da inda ƙullutun yake, da abin da ake fatan aikin zai gyara, da abin da zai faru idan ba a yi ba, da kuɗin bibiya bayan kuɗin aikin, da wanda zai duba bututun idan an dawo gida. Majinyacin da hankalinsa ke tare da shi, shi ya fi kowa cancantar jin amsoshin. Al'adarmu ta ɓoye wa mara lafiya gaskiyar ciwonsa don tausayi takan hana shi yin wasiyya da biyan bashi da zaɓar inda yake so ya yi sauran kwanakinsa, alhali dukiyar da za a kashe ta marayunsa ce nan gaba.

Idan likita ya ce ratse bai dace ba, wannan ba ya nufin an sallami majinyaci. Ana ci gaba da zuƙe ruwa duk lokacin da ya takura, ana ɗaure jijiyoyi, ana ba da maganin zafi har da mofin idan buƙata ta kai, bisa umarnin likita. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne sakiya ko tsaga ko ƙaho a kan kumburarren ciki, domin jinin mai wannan ciwo ba ya saurin daskarewa, ruwan cikin kuma da zarar ƙwayar cuta ta shige shi sai ya ruɓe.

Bayan an dawo gida

Wanda aka yi wa ratse yana buƙatar mai lura da shi kullum, musamman a wata ukun farko. Ana ba shi ruwan maganin laktulos domin ya riƙa yin bayan gida mai laushi sau biyu zuwa uku a yini, ta haka gubar ke fita, wani lokaci a haɗa masa da ƙwayar rifaksimin. Taurin bayan gida kaɗai ya isa ya jawo rikicewa. A da akan hana irin waɗannan majinyata nama da duk abincin gina jiki, amma an daina wannan, domin ramewa ita ma tana ƙara rikicewar. A ba shi wake da alala da ƙosai da nono da ƙwai da kifi, kaɗan-kaɗan sau da yawa, da ɗan abin taɓawa kafin ya kwanta. Dogon zama da yunwa yana cutar da shi, saboda haka kada ya ɗauki azumi sai da shawarar likitansa.

Kada ya sha maganin barci, ko taramadol, ko ruwan maganin tari mai kodin, ko magungunan ciwon jiki irin ibufurofen da dikulofenak, waɗanda ke lalata ƙoda da tayar da zubar jini. Jiƙe-jiƙe da saiwoyin da ba a san abin da ke cikinsu ba yanzu sun fi haɗari, tun da matatar da ke rage kaifinsu an kewaye ta. Kada ya tuƙa mota ko babur, kada ya hau bishiya ko ya shiga rijiya, sai likita ya yarda. Ruwan ciki ba ya tafiya rana ɗaya, yakan ɗauki makonni ko 'yan watanni yana raguwa. Ana komawa a duba bututun da sikanin a ranakun da aka rubuta, ko da majinyaci yana jin daɗin jikinsa. Idan ciki ya sake kumbura, ko aka ga baƙin bayan gida, ko zazzaɓi, ko barcin da ba a iya tashinsa daga gare shi, a tafi asibiti a wannan sa'a.

Abin da ya rataya a wuyan hukumomi da masu unguwanni

Mai aman jini awoyi ne ke gare shi. Ƙaramar hukumar da ta tanadi mota mai mai a ciki, da jerin sunayen matasan da aka gwada jininsu suka yarda su bayar, ta yi wa irin wannan majinyaci abin da ya fi ratse kusa da shi. A kwantar da shi a gefensa a cikin mota don kada ya shaƙe, kada a ba shi abinci ko abin sha a hanya. Jami'in lafiyar da ya tura shi ya rubuta takarda mai nuna lokacin da zubar ta fara da magungunan da aka ba shi, a haɗa da duk tsofaffin hotuna da sakamakon gwaji.

Idan aka sami mai sankarar hanta a gida, a gwada matansa da 'ya'yansa da 'yan uwansa na ɗaki ɗaya. Wanda ba shi da ƙwayar cutar a yi masa rigakafi. Wanda ke da ita ya ga likita, domin akwai magani irin tenofobir da ke danne ta, ana kuma so waɗanda likita ya ga suna cikin haɗari su riƙa yin sikanin hanta bayan kowane wata shida, lokacin da ƙullutu bai wuce a cire shi ko a ƙona shi ba. Rigakafin ciwon hanta nau'in B ya shiga jadawalin rigakafin yara na ƙasa a 2004, kuma daga 2012 aka haɗa shi cikin allura mai kariya daga cututtuka biyar da ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14. Amma akwai allurar farko da ake so a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, ita ce kuma ake yawan rasawa a inda ake haihuwa a gida ana jiran ranar suna. Dagatai da masu unguwanni su umarci ungozomomi da su sanar da cibiyar lafiya mafi kusa a ranar da aka haihu, su kuma tabbatar wanzamai suna sa sabuwar reza ga kowane yaro.